Kabejin Kaka Tsuneko da Masu Faɗowa Daga Sama

A Shiokubo, in ka ji an ce "an faɗo," ba wanda zai tambaye ka waye, ba kuma wanda zai tambaye ka a ina. Ɗan lema ne, kuma a gonar Kaka Tsuneko ne.

Ƙauyen namu yana kwance ne tsakanin dutse da tafki, can cikin tsaunukan Japan, kuma daga narkewar ƙanƙara har zubar ganye sararin samansa ba ya rabo da mutane. Daga ƙasashe suke zuwa hutu. A kwashe su a mota a kai su ƙolin dutse, kowa ya shimfiɗa ƙaton ƙyallensa mai igiyoyi, ya ɗaura a jiki, ya sheƙa a guje ya auka wa iska. Sai ka gan su suna lilo a ƙarƙashin lemar, ja da shuɗi da ruwan ɗorawa, suna kewaya kan tafki. Abin gwanin sha'awa, ba ƙarya. Sauka ce matsalar. Filin da aka ware musu yana gindin dutsen, kuma wanda ya auna filin nan ban san da wace igiya ya auna shi ba, don da mutum ya ɗan zarce, to sai kabeji. Kabejin kuwa na Tsuneko ne.

Ita Tsuneko ba a Shiokubo aka haife ta ba. Daga wani ƙauyen masunta ta zo aure, da akwatin katako ɗaya da bakin da ya fi akwatin nauyi. Mijinta Gonzo kuwa mutum ne da in ya ce "to" da safe, ya gama maganar ranar. Mutane suka ce auren nan ba zai ga girbi ba. Ya haura shekara arba'in. Ta yi masa faɗan takalmin da ya shigo da laka, ta yi masa faɗan ruwan sama da bai zo ba, in ya zo ya yi yawa ma shi ne da laifi. Shi kuwa ya ce "to," ya miƙa mata kwano ta ƙara masa shinkafa. Tun daga kan gadar ƙauyen ake jin muryarta, a san gidan lafiya ƙalau. Safiyar da ba a ji ta ba, maƙwabta suka ajiye fartanya suka nufi gidan, suka tarar Gonzo ya rasu.

Ɗansu ɗaya ne, yana aiki a Nagoya, sai da sabuwar shekara ake ganinsa. In ta kira shi a waya ta ɗauko faɗa, kafin ta kai tsakiya ya ce, "Mama, ina cikin taro." Ta gwada yi wa kyanwa faɗa, kyanwar ta tattara ta koma gidan Masue, maƙwabciyarta, wadda tun suna amare ba sa ga maciji. Gida ya yi wa Tsuneko shiru, irin shirun da kake jin agogo yana tafiya. Kaɗaici ya ci ta ƙwarai, amma ko da wasa ba ta taɓa faɗa wa kowa ba.

Ana haka wani dogon mutum mai sanƙo, Hiraide, ya ajiye aikin ofis a Tokyo ya zo ya buɗe makarantar tashi da lema. Mutum ne mai kunya, mai gudun ɓacin ran jama'a, irin wanda in ka taka masa ƙafa shi zai ba ka haƙuri. Ya kuma san al'ada: wanda ya taka gonar wani, ɗan gari ne ko baƙo, sai ya je har gida ya ba da haƙuri, da kwalin kayan zaƙi a hannu, shugabansa na biye da shi, don laifin yaro na ubangidansa ne. Mai gona kuma ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Haba, ba komai, da ba ku wahalar da kanku ba." A sunkuya, a sake sunkuyawa, kowa ya kama gabansa.

Karon farko da wani ɗalibinsa ya faɗo gonar Tsuneko, haka ta yi. Tun daga nesa ta hango Hiraide da mai laifin ta ɗora buta a wuta, ta fito ta ce ba komai, suka sunkuya suka juya. Kafin ruwan ya tafasa sun kai gada. Ta tsaya riƙe da kwali, ta rasa wanda za ta ci da shi.

Karo na biyu wani Bajamushe ne, ƙato, wanda bai tsaya kan faɗowa kawai ba, sai da lemar ta ja shi a kan ciki ya share kunya guda daga farko har ƙarshe. Ranar ran Tsuneko ya ɓaci da gaske. Da suka iso ƙofa ba ta ce ba komai ba.

Ta ce, "Ku shigo."

Suka cire takalma, suka durƙusa a kan tabarma, suka zauna kan dugadugansu yadda mai laifi ke zama. Tsuneko ta gyara zama ta dubi Hiraide, tunda shi ne tafinta, ta kira shi da "san" ɗin girmamawa yadda muke yi.

"Hiraide-san, tambaye shi, a ƙasarsu ba su da kabeji ne?"

Hiraide ya juya wajen Bajamushen ya ce masa da Turanci, "Tana tambaya ko ka ji ciwo." Ya saurari amsa ya juyo. "Ya ce bai ji ciwo ba, Kaka, ya gode."

"Wa ya tambaye shi ciwo? Ga tafki nan mai faɗin gari guda, ga dutse, ga titi, ga rufin gidan Masue ma da ba abin da yake tsinanawa, duk bai ga wurin zama ba sai kan abincina. Ƙato da shi, da gemu! Uwarsa ta san yana nan yana lilo a jikin tsumma?"

"Tana gaida mahaifiyarka," in ji Hiraide.

Bajamushen ya dafa ƙirji, idonsa ya kawo ruwa. Tsuneko ta ga hawaye, ta ce lalle maganarta ta shiga, sai ta ƙara wuta. Ta yi faɗan kabeji, ta gangara kan tsadar taki, ta bi ta kan gwiwarta ta hagu, ta ɓulla kan matasan zamani. Tana cikin haka wani abu ya faɗo mata a rai: ashe mai ba da haƙuri ba ya cewa yana cikin taro. Ba ya duba agogo, ba ya tashi sai an sallame shi. Tabɗi! Tsohuwa ta tsinci dami a kala.

Faɗa kuwa yana kawo ƙishi, don haka ta zuba shayi. Shayi ba ya tafiya shi kaɗai, ta kawo kabejin da ta jiƙa a gishiri, da dafaffiyar kabewa, da shinkafa mai zafi. Kwalin da suka kawo ma aka buɗe shi, Bajamushen ya cinye fiye da rabi. Da aka sallame su ya yunƙura zai tashi, ashe ƙafafunsa sun mutu tuni, ya tafi luuu ya faɗa kan ƙofar takarda ya fita ta cikinta har tsakar gida.

Tsuneko ta leƙa ta ramin da ya yi ta ce, "Gobe ku dawo. Da wani kwalin."

To, haka rayuwa ta miƙe, shekara da shekaru. Koriyawa sun durƙusa a tabarmar nan, Faransawa sun durƙusa, wata likita daga Burazil ta faɗo sau biyu a hutu ɗaya har aka fara zarginta. Wani ɗan Indiya ya yi ƙoƙarin gyara kabejin da ya murƙushe, ya tattara ganyen ya mayar ya danna da hannu, Tsuneko ta yi wata guda tana ba da labarinsa a gidan wankan unguwa. In ta ga iska ta juyo daga tafki da rana tsaka, sai ta ƙara shinkafa a tukunya. Kunyar da ke bakin iyaka kuwa, dashen da ya fi kowanne rama take sa wa a can, don ita ba wawuya ba ce. Ranar da aka faɗo gwiwarta ba ta ciwo. Muryarta ta dawo kan gada, har Masue ta riƙa rufe taga tana tsaki.

Kowa a Shiokubo ya gane abin da ke gudana, ban da mutum ɗaya. Shi Hiraide, Allah Sarki, duk kalmar da ta fito daga bakin tsohuwar nan sai ya ɗauke ta ya kai gida ya kwana da ita. Da ya ga lema ta zarce fili sai cikinsa ya murɗa. Mai shagon kayan zaƙi in ya hango shi ba ya ma tambaya, kwali kawai yake naɗewa. A ganin Hiraide, shi ne ya zo daga birni ya hana gwauruwar tsohuwa sakat a ƙarshen rayuwarta, kuma abin yana cinsa. Don haka ya yi abin da mutumin kirki zai yi. Ya bi gida gida a asirce, ya sha shayi da masu filaye, ya sha da masunta, har ya samo wani fili a bakin tafki, can hayin gada, inda ba gonar kowa a kusa.

Wata ranar girbi ya zo gidan Tsuneko cikin baƙar kwat, da kwalin da ya fi kowanne girma, shi kaɗai. Ta leƙa bayansa ba ta ga kowa ba.

"Wa ya faɗo?"

"Ba kowa, Kaka." Ya durƙusa, ya kai goshinsa har tabarma. "Kuma ba wanda zai sake faɗowa. Na samo mana wani fili a hayi. In taron unguwa ya amince, daga baɗi kin huta. Ki yafe min daɗewar da na yi ban yi wannan ba."

Tsuneko ta ji kamar an zare mata tabarmar da take kai. Mutum ya yi maka alheri, ya sa goshi a ƙasa, me za ka ce masa?

Ta ce, "Madalla. Da ma lokaci ya yi."

Ranar ba ta yi faɗa ba. Hiraide ya sha shayinsa ya fita yana jin kansa sakayau, har da 'yar waƙa a kan hanya. Ita kuwa ta zauna gaban ƙaton kwali, tsoro ya kama ta, don ta san shirun da ke jiranta, ta taɓa zama a cikinsa.

Sai dai da sauran dama, tunda taro bai zauna ba. Kuma ta ji ƙishin-ƙishin cewa wasu dattawa ba sa so, suna cewa 'yan lema za su kori agwagin tafki. Abin da ya rage mata kaɗan ne: in an tambaye ta, ta ce, "Ba komai, a bar su inda suke, na saba." Ta yi ta maimaita maganar nan tana wanke kwanuka, tana maimaitawa tana cire ciyawa, har ta zauna mata a baki.

Ranar taro zauren unguwa ya cika. Shugaban unguwa ya karanto batun, dattawan agwagi suka yi gyaran murya suka faɗi nasu, aka ga abin yana neman ya tsaya. Sai shugaban ya ce, "To, mai gona tana nan. Tsuneko-san, ke abin ya shafa. Yaya ɓarnar take?"

Ta dafa gwiwa ta miƙe. Ta buɗe baki ke nan, sai muryar Masue ta fito daga baya, ba da ƙarfi ba, amma daidai yadda kowa zai ji.

"Ku rabu da ita, ai so take yi. Tun safe take leƙen sama kamar mai jiran miji."

Zaure ya kwashe da dariya. Kunnuwan Tsuneko suka ɗau zafi. Ita? A gaban gari? A ce tana jiran baƙi su faɗo mata don ba ta da kowa? Maganar da ta yi ta haddacewa ta bi iska.

"So nake yi? Ni? Masue, ke da ko tukunyar fure ba ki iya rayawa ba, me kika sani game da gona? Ku tambayi bayana! Ku tambayi gwiwata! In dasa, a faɗo. In sake dasawa, a sake faɗowa. An ja ciki a kan kabejina, an yi birgima a kan albasata, an fasa min ƙofa. Wani ya sauko da ƙafa biyu cikin ramin takina, ni na wanke masa wando! Wata ta rataye a bishiyar da mijina ya dasa da hannunsa, tana ihu da yaren da ko tsuntsu bai sani ba. Ina cin abinci ina kallon sama, ina shanya ina kallon sama, wuyana ya ƙage. Wace tsohuwa ce a ƙasar nan ake yi wa ruwan mutane a gona in ba ni ba?"

Kai, ranar Tsuneko ta yi magana. Ba ta taɓa yin faɗa mai daɗin wannan ba. Matan da ke gaba suna share ido, Hiraide ya sunkuyar da kai har sanƙonsa na ɗaukar hasken fitila. Babban dattijon agwagi ya miƙe da kansa ya ce ya janye, agwagi su yi haƙuri, ba za a bar baiwar Allah cikin wannan azaba ba. Aka ɗaga hannu, ba wanda ya saɓa. Aka yi mata tafi.

Sai da ta zauna ta gane abin da ta yi. Baki shi ke yanka wuya, in ji masu magana, ita kuwa da hannunta ta wasa wuƙar.

Ƙanƙara ta zo ta tafi. Lemomi suka dawo sama, amma yanzu sai su bi ta kan rufinta su wuce, su ƙanƙance, su sauka can hayi inda ko ihunsu ba ta ji. In iska ta juyo daga tafki hannunta ya ƙara shinkafa da kansa, sai ta yi ta cin ɗumame. Kabeji kuwa ya yi kyau irin wanda bai taɓa yi ba, manya manya, ko ganye ɗaya bai karye ba. Masu wucewa suna tsayawa su yaba. Ita kuwa ta tsane shi. Gwiwa ta dawo da ciwo, ta hagu da ta dama. Hiraide in ya wuce a mota ya sassauta ya sunkuyar da kai cikin fara'a, ya yi ƙiba har kumatu sun fito, ta ɗaga masa hannu tana ji kamar ta jefe shi da fartanya.

Wata safiya ta ɗaura ɗankwali ta tsallaka gidan Masue. Ta tarar da ita a baranda tana yankan farce, kyanwar nan maciya amana tana kwance a gefenta.

"A'a! Yau wace rana? Gobara ce ko mutuwa?" in ji Masue.

"Wancan ɗan yankin da ke ƙarshen sabon filin 'yan lema, na gidanku ne ko?"

"Na marigayi yayana ne. Yashi ne zalla, ko ƙaya ba ta fitowa. Me za ki yi da shi?"

"Noma."

"Noma." Masue ta ajiye abin yankan farce ta ƙare mata kallo. "Ga gonarki a ƙofar gida, sai kin tsallaka gada da wannan gwiwar?"

"Likita ya ce iskar tafki tana da amfani."

"Wane likitan? Wanda ya mutu bara?"

"Za ki ba ni ko ba za ki ba ni ba? Ban zo hira ba."

Masue ta shafa kyanwa. Ta so ta ja ta, ta so ƙwarai, don irin wannan dama ba ta zuwa sau biyu. Amma ta dubi yadda rigar Tsuneko ta yi mata yawa a kafaɗa, sai ta fasa.

"Ɗauki. Ni ma tunda kika yi shiru barcin rana ya gagare ni, na saba da hayaniyarki. Kuma maganar da na yi a taro..."

"Ban ji ba."

"Gari duk ya ji."

"Na ce ban ji ba. Ki rage ba kyanwar nan kifi, ta zama kamar buhu."

Bayan 'yan kwanaki Hiraide ya iso sabon fili da sassafe don ya duba iska kafin ya kai baƙi kan dutse. Ya fito daga mota yana miƙa, sai ya tsaya cak. Can ƙarshen filin, daidai inda mai zarcewa zai zarce, an ja kunyoyi sababbi a cikin yashi. An jera dashen kabeji a kai, 'yan ƙanana, duk sun langaɓe. Ga baro a gefe, ga tsohuwa a duƙe da fartanya, tawul a wuya.

Ya taka a hankali ya isa wurinta.

"Kaka... ina kwana."

"Lafiya. Kauce, kana taka min kunya."

Ya yi tsalle gefe. "Kaka, ko an yi miki wani laifi ne? In wani abu ne, ki faɗa min in gyara."

"Ka gyara ai. Gyaranka ne ya kawo ni nan."

Bai gane ba. Ya dubi dashen, ya dubi yashin, ya ce cikin ladabi, "Kaka, nan fa yashi ne. Kabeji ba zai yi a nan ba."

"Na ce maka ci zan yi?"

Ta ci gaba da sara. Hiraide ya tsaya baki buɗe, yana kallon kunyoyin, yana kallon inda suka dosa, yana kallon dutse. Tsuneko ta ga mutumin nan in aka bar shi zai kai baɗi a tsaye, sai ta dogara fartanya ta miƙe a hankali, hannu a ƙugu. Ba ta dube shi ba, tafki ta duba.

"Tunda kuka tashi, ba wanda ya buɗe ƙofata sai mai duba mitar wuta, shi ma a waje yake tsayawa. Ina kewarsu, Hiraide-san. Ina kewar wawayen nan, da manyan ƙafafunsu da rashin iya riƙe tsinken cin abinci. Har kai ina kewarka, da ƙaryar da kake yi musu da sunana, kana tsammani ban sani ba. Ni ban iya ce wa mutum ya zo ba. Ban koya ba, kuma na tsufa da koyo. Abin da na iya shi ne in ce masa ya yi laifi. To ka bar ni in ajiye musu abin da za su yi laifi a kai."

Tausayi ya kama Hiraide, kunya ta kama shi, sannan can ƙasa wani haushi ya taso, irin wanda bai taɓa yarda ya ji ba.

"Kaka," ya ce, "kin san irin maganin ciki da na sha saboda ke?"

"Wa ya aike ka?"

"Gida gida na bi! Na sha shayin masunta har na daina barci!"

"Da ka tambaye ni."

"Da na tambaye ki me za ki ce?"

Ta ɗan yi tunani. "Da na ce ku tashi."

Dariya ta ƙwace masa, irin mai haɗe da hawaye, ya tsuguna a yashi ya riƙe kai. Da ya lafa ya share fuska ya ce, "To amma gidanki ya yi nisa daga nan. Haƙuri kuma a gida ake bayarwa."

"Motarka ta lalace ne? Ka ɗauko ni, ni da mai laifin, da kwalin. Baron ma ka sa a baya."

Hiraide ya miƙe ya kaɗe wando. A tsakiyar filin akwai wani farin ƙyalle da aka kafe da turaku, wanda masu sauka ke auna ƙafarsu a kai tun daga sama. Ya je ya tuge turakun, ya kama bakin ƙyallen ya ja shi ya nufi wajen kunyoyin. Ya tsaya ya waiwayo.

"Ƙara," in ji Tsuneko.

Ya ƙara ja.

"Ƙara kaɗan."

"Kaka, in na ƙara za a rufe min makaranta."

"To bar shi nan. Sauran aikin iska za ta yi."

Ya kafe turakun ya nufi mota. Ita kuwa ta goge ido da tawul ta koma kan fartanya. Har ya tada inji sai ya ji muryar nan da ake ji daga kan gada ta biyo shi ta taga.

"Hiraide-san! Ka faɗa musu kada kowa ya ci abinci a kan dutse! Akwai shinkafa a gidana!"